Goro a Kano, sa hannu a Signagi

Ranar da aka ɗaura mini aure ban je wurin ba, amarya ma haka. Ina Dubai a bakin aiki, ita tana Sharja, mahaifinta yana Gadarif, a gabashin Sudan, inda yaƙin ƙasar ya kora su. Su Hausawan Mai Wurno ne, jikokin mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ta waya ya wakilta wani ɗan'uwansu da ke Kano, aka taru a ƙofar gidanmu bayan sallar Juma'a, aka biya sadaki lakadan, aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa. A wurin Allah da mutane magana ta ƙare. A wurin hukuma kuwa ko farawa ba a yi ba, domin ba mu da takardar da za ta sa ofishin da ke ba da izinin zama ya yarda cewa matata ce. Kotun Daular Larabawa tana son ganin waliyyi ko wakilci mai hatimai, shi kuwa tsohon da ya baro gidansa da kayan jikinsa, ina zai samo hatimi?

Wani abokin aikina ne ya ce mu tafi Jojiya. Na ɗauka ta Amurka yake nufi, ashe wata ce dabam, ƙaramar ƙasa tsakanin Rasha da Turkiyya, inda baƙi ke yin rajistar aure da fasfo da shaidu biyu kawai. Da na faɗa wa Hajiyarmu sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai, aure sau nawa ake ɗaurawa?" Na ce takarda ce kawai, Hajiya. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Ka dai kula da abin da za ku ci."

Mun sauka Tibilisi, babban birnin ƙasar, a farkon Oktoban 2024, bayan tafiyar awa uku da ɗoriya a jirgi. Takardar zamanmu ta Daular Larabawa ce ta shigar da mu. Aikin farko shi ne a fassara fasfo ɗinmu zuwa harshensu, mai haruffa 33 masu kama da ƙugiyoyi, a kuma buga hatimin lauya. A wani ofishin fassara aka mayar da sunan mahaifina ya zama nawa, nawa ya zama na dangi. Da ba don amarya ta matsa a karanta mana da baki ba, da da mahaifina aka yi wa rajistar. Kwana guda ya tafi a gyaran.

Ban ji haushin kwanan ba, don shi ya ba mu damar taka tsohon gari. Sunan Tibilisi daga kalmarsu ta ɗumi ya fito, saboda ruwan zafi mai warin kibiritu da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kuma har yau gidajen wanka masu ƙubbobin jan bulo suna nan a unguwar Abanotubani. Daga can muka hau wani lungu mai duwatsu zuwa masallacin Juma'a, wanda aka gina a 1895. 'Yan Shi'a suna da nasu a da, gwamnatin Sobiyet ta rushe shi don gina gada, tun daga nan Sunni da Shi'a suke sallah a ɗaki ɗaya. Na yi azahar kusa da wani dattijo da ya ajiye ɗan dunƙulen yumɓu irin na 'yan Shi'a a wurin sujada, ba wanda ya kalli wani. Larabawa sun riƙe garin nan ɗaruruwan shekaru kafin Sarki Dauda na Jojiya ya karɓe shi a 1122. A saman dutse kuma ga mutum-mutumin wata mace mai tsawon mita 20, Uwar Jojiya, hannu ɗaya da takobi don maƙiyi, ɗayan da ƙwaryar giya don baƙo. Amarya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To mu da ba ma sha, a wane hannun muka faɗa?"

Tambayar ta bi mu har Kakheti, yankin gabashin ƙasar inda garin Signagi yake. Da ma a Tibilisi za mu iya gama komai, amma ta ce tun da ba ta samu lalle da kamu da ɗaukar amarya ba, aƙalla a kai ta wurin da za ta riƙa tunawa. Muka shiga ƙaramar bas daga tashar Samgori, awa biyu zuwa Signagi, kilomita ɗari da 'yan kai. Garin yana kan tudu, rufin gidajensa jajaye, ganuwar da Sarki Erekle na Biyu ya sa aka gina a ƙarni na 18 ta kewaye shi. A ƙasa kwarin Alazani ya shimfiɗe, gonakin inabi iya ganinka, bayansu tsaunukan Kokeshiya. Lokacin yankan inabi ne. Motoci cike da shi suna wucewa, ruwansa na ɗiga a kan kwalta, ƙudan zuma na bi.

Mun sauka a gidan wasu tsofaffi, miji da mata, 'yarsu ce ke yi mana tafinta. Tun ba mu ajiye jaka ba maigidan ya ja ni zuwa wani ɗaki mai sanyi a bayan gida. Ƙasan ɗakin duk bakunan randuna ne, an binne su har wuya. Kwebri suke kiransu. Ana matse inabi a zuba da ɓawonsa da 'ya'yansa, a bar shi ya tsima, a rufe da faifan dutse a liƙe da yumɓu har bazararsu. Ya ɗaga yatsu takwas yana dukan ƙirji, wai shekara dubu takwas suna wannan aiki, kuma ba cika baki ba ne, an tono tsoffin tukwane a kudu da Tibilisi masu wannan shekaru. UNESCO ma ta sa sana'ar cikin gadon duniya a 2013. Ni dai abin da na gani shi ne ɗakin kakata a Dawakin Tofa da randarta ta ruwan sanyi. Sai ya ɗebo a ƙoƙon ƙasa ya miƙo mini da hannu biyu.

Ban taɓa jin nauyin cewa a'a kamar ranar ba. Bahaushe ya san abin da ake nufi da mayar da hannun kyauta baya. Na dafa ƙirji na ce wa 'yar ta gaya wa Baba mu Musulmi ne, ba ma sha, ba ma zama inda ake sha, kuma ba raini ba ne. Ya tsaya da ƙoƙon a hannu. Ya yi wata doguwar magana, 'yar ta taƙaita: ya ce ya san Musulmin kwarin Pankisi, ya yi cinikin tumaki da su, kuma a wurinsu baƙo daga Allah yake. Bai yi murmushi ba, amma ya mayar da giyar cikin randa.

Washegari muka tafi gidan rajistar aure da ke tsakiyar gari, wanda saboda shi ake kiran Signagi garin masoya. Uwargidan da direban da ke maƙwabtaka da su ne shaidunmu. Amarya ta naɗa taub ɗinta, lafayar matan Sudan, ni na sa shadda da hula zanna bukar, 'yan yawon buɗe ido suka yi ta ɗaukarmu hoto kamar an kawo mu ne don su. Ma'aikaciyar ta tambayi kowannenmu ko ya amince, muka sa hannu, shaidu suka sa. Ko minti ashirin ba a yi ba. Da muka fito amarya ta zauna a kan dakali ta fashe da kuka. Ba uwa, ba ƙawa, ba mai guɗa. Uwargidan ba ta jin ko kalma ɗaya daga bakinta, amma ta rungume ta, tana shafa mata baya tana surutu da harshensu har ta yi shiru.

Da yamma muka tarar an jera tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Ga burodin da aka gasa a tanderun ƙasa, ana manna shi a jikin bango sak yadda matan Jakara ke yin gurasa. Ga wake a tukunyar ƙasa, ga gauta da aka naɗe da niƙaƙƙen gyadar turawa, ga khachapuri, burodinsu mai cuku. Tsirensu na alade ne galibi, don haka an sayo kifi. Abin da ba a ajiye ba shi ne tulun giya. A madadinsa maigidan ya tsinko inabi daga rumfar, ya matse a gabanmu da hannunsa, don kada mu yi zargi. 'Yar ta raɗa mini cewa tun da aka haife ta ba ta ga teburin gidan nan haka ba.

A al'adarsu akwai mai jagorantar tebur, tamada, ba a kai kofi baki sai ya yi jawabi. Tsohon ya miƙe ya yi wa zaman lafiya, ya yi wa iyayenmu, ya yi wa waɗanda suka riga mu, kowane jawabi ya fi wanda ya gabace shi tsawo, a ƙarshe kowa ya ce gaumarjos, kalmarsu ta fatan nasara. Da ya zo kan Sudan sai ya ambaci yaƙinsu da Rasha na 2008, muryarsa ta sarƙe. Yana kurɓar ruwan inabin yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Da aka ce ni ma in ce wani abu, sai na ɗaga hannu na yi mana addu'a da Hausa, su ma suka ɗaga nasu. Daga baya ya yi ta sa ni maimaita sunan yankinsu, don ashe harshensu yana da ƙ da ts irin namu, Ƙakheti suke cewa, kuma ni ne baƙon farko da ya ji ya faɗa daidai.

Kafin mu tafi uwargidan ta koya wa amarya yin churchkhela: a shirya gyadar turawa a zare, a tsoma cikin ruwan inabin da aka dafa da gari har ya yi kauri kamar kunu, a rataye ya bushe. Guda goma ta naɗe mana a jarida. Muka koma Tibilisi muka yi kwana uku muna bin hatimai, sannan muka wuce.

Daga filin jirgi na aika wa Hajiya hoton takardar. Ta kira nan take.

"Wannan rubutun tsutsar, a ina sunanka yake?"

Na ce layi na biyu ne, Hajiya, in dai ba su sake juya shi ba.

"To ba ni 'yata mu gaisa."