Godiyar iyali bayan walimar ritayar Baba

Assalamu alaikum. A madadin Mama da ƙannena, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako zuwa gidanmu da ke Ƙofar Marusa ranar Asabar, domin walimar da ɗaliban Baba suka shirya masa bayan ya ajiye aikin koyarwa da bincike. Wasu daga Zariya suka taso tun asuba, wasu daga Kano da Dutsin-Ma da Daura. Tabarmi suka ƙare sai da muka aro na masallaci. Allah Ya saka da alheri.

Godiyata ta musamman ga tsofaffin ɗalibansa ce, don su ne suka sanar da mu wane ne mahaifinmu. Mu dai abin da muka sani tun muna yara shi ne Baba yana dawowa da daddare, farar rigarsa tana warin magani. In an tambaye mu aikinsa sai mu ce malamin kimiyya ne, shi ke nan. Sai ranar nan na fahimci fannin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai: sinadaran da ƙarfe ke ɗauruwa kai tsaye da kabon, wato sinadarin gawayi. Da yawansu ba sa shiri da iska ko danshi, wasu ma wuta suke kamawa da zarar iska ta taɓa su. Wata baiwar Allah, yanzu ita ma Dakta ce, ta ba da labarin yadda aikinta na wata uku ya lalace a dare ɗaya saboda tukunyar iskar naitirojin, wadda ke kare sinadaran daga iskar gari, ta ƙare. Tana kuka Baba ya same ta, ya ja kujera, suka sake farawa tare. Ta ce da kuɗin aljihunsa aka cika tukunyar. Mama ta sunkuyar da kai, ina jin ta tuna watan da aka yi hakan.

Kusan duk wanda ya tashi magana sai ya ambaci ƙosai da burodi, aka yi ta dariya. Ashe da haka Baba yake kwatanta musu ferosin, sinadarin da aka gano a 1951: ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiyar zobba biyu masu kabon biyar-biyar, kamar ƙosai a cikin burodi. Daga nan sai ya shiga tarihin Geoffrey Wilkinson na Ingila, wanda shi da Ernst Otto Fischer na Jamus suka sami kyautar Nobel a 1973 kan irin waɗannan sinadarai. Abin da ya fi nanatawa shi ne mahaifin Wilkinson mai fentin gidaje ne, mahaifiyarsa kuma ma'aikaciyar masaƙa. Wani Farfesa da ya zo daga Zariya ya ce shi ɗan mai ga-ruwa ne, kuma wannan labarin ne ya hana shi tattara kayansa a shekarar farko. Muryarsa na rawa ya faɗa.

An kuma tuna yadda Baba yake ɗaga bokitin roba a aji, ya ce da irin wannan ilimi Karl Ziegler da Giulio Natta suka sauƙaƙa yin roba, har aka ba su Nobel a 1963. Sinadarin da ke gaggauta haɗin robar kuwa dillali yake kiransa, mai haɗa mai saye da mai sayarwa ya koma gefe.

Ga liman da ya buɗe da addu'a, da maƙwabtan da suka kwana a kan tukwane, da samarin unguwa da suka tsare motoci cikin rana, mun gode ƙwarai. Waɗanda abinci bai kai gare su ba, a yafe mana, taron ya fi ƙarfin lissafinmu.

Baba bai iya cewa komai a wurin ba sai "Alhamdulillahi". Amma da dare ya sa na karanto masa sunayen da ke littafin baƙi, yana gaya mini aikin da kowa ya yi a hannunsa. Muna roƙon masu tsofaffin hotunan ɗakin gwaji da aka nuna a waya su turo mana, yana son ganinsu a tsanake. Allah Ya mai da kowa gida lafiya, Ya bar zumunci.