Ƙubbar Yamusukro ta yaudari idona

Sarin goro ne ya kai ni Anyama, kusa da Abijan, a ƙasar Côte d'Ivoire. Da lodi ya tsaya kwana biyu, sai mai masaukina ya ce, "Alhaji, maimakon wannan zaman, je ka Yamusukro ka ga cocin da shugaban ƙasar nan na farko, Houphouët-Boigny, ya gina a garinsu." Ni Musulmi ne, amma kallon gini ba ya wuce ni.

Wautar da na tafka ita ce sallamar ɗan tasi. Ina hango ƙubbar na ce masa, "Malam, sauke ni nan, ai ga ta can." Ya dube ni, ya yi shiru, ya karɓi kuɗinsa. Ashe abin da tsayinsa ya kai mita 158 har kan gicciye, daga ko'ina ka tsaya sai ka ga kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Na yi ta tafiya da tsakar rana, ba inuwa, ba ruwa a hannuna, ƙubba tana nan inda take. Ko da na shiga harabar, sai ga wani fili fetal a gabana, jerin ginshiƙai sun kewaye shi dama da hagu irin na cocin Fafaroma a Roma. Rigata ta jiƙe sharkaf.

Ciki kuwa, tubarkalla. Bangon kusan duk gilashi ne mai launi da aka kawo daga Faransa, rana na ratsa shi, shuɗi da ja suna zuba a kan marmara. Ɗan jagora ya nuna mana hoton shugaban kansa a jikin gilashin, a gaban Annabi Isa. Kujerun na cin mutum 7,000. Fafaroma John Paul na biyu ne ya buɗe cocin a 1990.

Abin da ke ci mini rai har yau: akwai lif a cikin manyan ginshiƙan, mai kai mutum sama ya leƙo zauren. Ana shirin hawa na duba agogo, motar komawa Abijan ta kusa tashi, ga tafiyar fiye da kilomita 200. Lokacin hawan nan shi na zubar a rana, saboda 'yan canjin tasi.

In za ka, yi sammako, riƙe gorar ruwa, kuma kada ka sauka sai a bakin ƙofa. Ka kuma ce wa direban ya jira ka, domin ni da na fito sai da na sake takawa kafin na samu mota.