Yadda na saita na'urar auna tashin mota har ta daina ƙara mun gudu

Motata Honda Accord ce, wadda muke ce wa EOD, mai silinda huɗu, atomatik. Duk sanda bakanike ya taɓa ta, ya canja fulogi ko ya wanke totur, sai in hau in ji kamar ta ƙara tashi, bayan kwana biyu kuma in ji kamar ba abin da ya canja. Jin jiki ba ma'auni ba ne, shi ya sa na sayi ɗaya ta hannu daga cikin na'urorin nan da ake mannawa a gilashin gaba, irin su G-Tech Pro na da, a jona a wajen cajin mota, ta riƙa gaya maka sakan nawa ka yi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa.

Gwajin farko ta nuna mun sakan 8.6. Wanda ya san EOD mai silinda huɗu ya san ko tana sabuwa da ƙyar ta yi haka, balle tawa da ta sha hanya. To daga nan na zauna na fahimci yadda abin yake aiki, kuma gaskiya wannan fahimtar ce ta warware komai.

Irin wannan na'urar ba ta ganin gudu kwata-kwata, ba ta da alaƙa da taya ko giya. Abin da take ji kawai shi ne turin nan da ke danna bayanka jikin kujera idan ka taka totur, sai ta yi ta tara shi tana lissafa gudu, daga gudun kuma ta lissafa nisa. Matsalar ita ce ba ta iya bambance turin inji da jan da ƙasa ke yi wa komai, wanda ake aunawa da g. In ta ɗan karkata sama, wani ɓangare na jan ƙasa sai ya shige lissafinta a matsayin tashin mota. Na ɗauki biro na buga: kilomita 100 a awa mita 27.8 ne a sakan, motar da ta kai haka a sakan 10 matsakaicin turinta wajen 0.28g ne, karkatar digiri ɗaya tak kuma tana ba da wajen 0.017g. Kusan kashi 6 cikin 100 kenan, fiye da rabin sakan, daga karkatar da idonka ba zai ma gani ba. Kuma kuskuren taruwa yake yi, iya tsawon gudun iya girmansa.

Saboda haka aikin farko shi ne samun wuri shimfiɗaɗɗe na gaske. Ƙofar gida ba ta yi, dan kusan kowacce an mata gangara saboda ruwan sama. Na ari ma'aunin magina mai ruwa a ciki na riƙa ɗorawa a kan daɓe har na samu wajen da ya zauna daidai, na faka, na zauna a kujerata yadda nake zama in zan tuƙa, sannan na mayar da na'urar sifili. Zaman yana da muhimmanci, in ka saita kana tsaye a waje sannan ka shiga, nauyinka ya riga ya canja zaman motar. Dabarar da ta fi mun amfani ita ce in karanta lambar, in juya motar ta kalli inda ta baro a kan wannan gurbin dai, in sake karantawa. In wajen ne ba daidai ba lambar za ta koma ɗaya ɓangaren, in kuma na'urar ce ta karkace lambar ba za ta motsa ba. Kamar sikelin mai nama ne, in allurar ba ta kan sifili kafin a ɗora, duk abin da aka auna da ƙari ko ragi.

Sai mariƙinta. Robar da ke kama gilashi in rana ta dake ta laushi take yi, kan na'urar ya riƙa sunkuyawa a hankali ba ka sani ba, ita kanta na'urar in ta ɗau zafi sifilinta yakan ɗan gusa. Yanzu sai na goge gilashin tas, na ɗaure mariƙin tam, na bar ta a kunne ta ɗan jima, sannan in saita dab da gwaji.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne ɗagawar gaban mota. In ka take totur baya zama yake yi gaba ya ɗaga, wato motar da ka saita a daidaice ta karkace da kanta daidai lokacin da ake aunawa, kuma kullum ɓangaren da zai ƙara maka lamba take karkata. Shakazoba na baya in sun gaji abin ya fi yawa, nawa kuwa sun gaji. Na'urar tana da wajen da ake sa yawan wannan ɗagawar, amma lambar da ta zo da ita ta mota ce mai tauri, ba irin tawa ba, kuma ba yadda za a yi ka san taka sai da wani ma'aunin da ka yarda da shi. Wani abokina yana da wata na'urar auna tashin mota mai suna Dragy, ita da GPS take aiki, tana ɗaukar bayani sau 10 a sakan, karkata ba ta dame ta ba, sai muka sa su biyun a mota ɗaya muka riƙa kwatantawa, in tawa ta ba da lokaci ƙasa da na Dragy in ƙara lambar ɗagawar kaɗan mu sake, haka har suka zo kusa da juna da bambancin da bai wuce 0.1 ba. Lambar gaskiya ta tsaya a sakan 10 da 'yan kai. Manhajar waya da yawa GPS ɗinsu sau ɗaya ne a sakan, ba za su yi wannan aikin ba, allon gudun mota kuma yawanci gaba yake da gaskiya, in ya nuna 100 ba ka kai ba tukuna.

Akwai wani saiti da ya kamata mutum ya duba kafin ya fara musu da kowa a kan lamba. A filayen tseren Amurka agogo ba ya fara lissafi sai mota ta gusa ƙafa ɗaya, wajen santimita 30, mujallun motocinsu ma da yawa haka suke auna nasu, kuma wannan kaɗai yana rage wajen sakan 0.3. Sannan su mil 60 suke aunawa, kilomita 96.6 kenan, ba 100 ba. Ni na kashe wannan saitin, ina so a fara ƙirga daga tsayuwa cak.

Nauyi kuma ba ruwansa da lissafin lokaci, amma in kana son ta faɗa maka ƙarfin doki dole ka ba ta nauyin gaskiya, da kai da man da ke tanki da duk tarkacen but. Lita 60 na fetur kaɗai kusan kilo 45 ne. Na littafin mota ba ya isa, gara a hau sikelin da ake auna manyan motoci.

Hanya ma da nata, gangarar kashi 1 cikin 100 tana iya ba ka ko ta ƙwace maka kusan sulusin sakan, ga iska, shi ya sa nake yin zuwa da dawowa a wuri ɗaya in raba biyu. Kuma dan Allah kar a yi wannan a cikin gari, dokar FRSC kilomita 50 ce a cikin gari, 100 kuma sai a babban titi mai hannu biyu. Ni da asuba nake yi a miƙaƙƙiyar kwalta da nake hango ƙarshenta, ba gida ba makaranta ba mashigar dabbobi, da wani a gefe yana duba mun hanya. Sanyin safiyar ma yana taimakawa dan inji ya fi ja a iska mai sanyi, lambar safiyar hunturu ba a haɗa ta da ta azahar ɗin watan Afrilu, haka wanda ya auna a Jos da ke sama da mita 1,200 ba zai samu irin ta Kano ba. Esi a kashe, iskar taya iri ɗaya, mai rabin tanki, duk ina rubutawa.

Yanzu ma na fi yarda da gwajin 50 zuwa 90 fiye da tashi daga tsaye, dan ba ƙarar taya ba wahalar da giya, kuma lambobin sun fi maimaita kansu. Da shi na gane sabbin fulogi kusan ba abin da suka ƙara, amma ranar da bakanike ya saki burkin baya da ke ɗan kamawa aka kuma canja matatar iska da ƙura ta toshe, kusan rabin sakan ya sauka, zuwa da dawowa duka.