Bindigar da ta koya mini runtse ido

Ƙannena, ƙaramar bindigata ta farko da kunne na saye ta, hannuna bai san da zancen ba. Ina da lasisi, na yi horon da doka ta wajabta, amma irin wadda na zaɓa ban taɓa harba ta ba ko sau ɗaya. Abu biyu ne a kaina lokacin: harsashi mai suna, da bindigar da ba ta da nauyi. Sai na ci karo da wata libarba, wato bindigar hannu mai ramukan harsashi da ke juyawa, mai cin harsashin .357 Magnum, gangar jikinta ta alminiyam ce da aka gauraya da sikandiyam, nauyinta kusan giram 330. Dattijon da ke koyar da mu a filin harbi ya ɗaga ta a tafin hannu, ya dube ni, ya ce, "Yaro, da ka ari irinta ka harba tukuna." Na ce, "Malam, ai hannuna da ƙarfi." Bai sake cewa komai ba.

Harbin farko na ji kamar an maka mini guduma a tsakanin babban yatsa da manuni. Na biyar, fatar wurin ta tsage. Girman kai ya hana ni ajiyewa, na ƙarasa kwalin harsashin, na koma gida hannuna na rawa.

Abin da ban sani ba lissafi ne mai sauƙi. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, irinsa ne ke tura bindiga baya, shi ne shurin da kake ji a hannu. Nauyin harsashi da gudunsa su ke haifar da shi, nauyin bindiga kuma shi ke shanye shi. Ka ɗauki harsashi ɗaya ka harba a bindiga mai giram 330, ka sake harba irinsa a mai kilo guda, ta biyun za ta dawo maka da kusan kashi ɗaya cikin uku na saurin ta farko. Ni kuwa na haɗa harsashi mai zafi da bindiga mafi rashin nauyi, ga ƙota gajeriya wadda ƙaramin yatsana ba ya samun wurin zama. Ko da gangan aka ce in haɗa abin da zai azabtar da ni, da wuya in fi haka.

Ciwon hannu ya warke cikin mako. Abin da ya zauna mini shi ne razana. Jikina ya koyi cewa duka na zuwa, sai ya fara kare kansa kafin dukan ya iso: ina jan kunama ina runtse ido, ina danna bakin bindiga ƙasa ba tare da na sani ba. Harsasaina duk suka koma ƙasa ta hagu a takardar saiti, inda na mai harbi da dama ke tafiya idan yana razana. Na ce saitin bindigar ne ya karkace. Malam ya karɓa ya zuba biyar a tsakiya. Na ce to harsashin ne. Sai ya juya mini baya ya loda ta da kansa, ya sa harsashin bogi a ɗaya daga cikin ramukan bai faɗa mini wanne ba. Da na zo kansa, bindigar ta ce ƙas, babu ƙara babu shuri, amma hannuna ya nutse ƙasa kamar an ja shi da igiya. Gani ya kori ji.

Maganin da ya rubuta mini ya ƙona mini rai: bindiga mai cin .22 LR, wadda a lokacin nake wa kallon abin wasan yara. Harsashinta giram 2.6 ne kacal, shurinta bai fi a taɓa ka da yatsa ba. Kusan shekara na yi a kanta, ina kuma yin atisayen jan kunama babu harsashi, bayan na duba na sake dubawa cewa bindigar fanko ce, bakinta na kallon inda ba kowa. Abin da na ɓata cikin yini guda, shekara ta ɗauka kafin ya gyaru, kuma har yau in na gaji razanar tana leƙowa. Af, kada kalmar wasan yara ta ruɗe ku, .22 tana kisa kamar kowace.

Game da girman harsashi, gardamar ta girme ni ta girme ku. Georg Luger ya fito da harsashin 9x19, wato faɗinsa milimita 9, tsawon kwansonsa milimita 19, a farkon shekarun 1900, John Browning kuma ya ƙera .45 ACP wanda sojan Amurka suka ɗauka a 1911, tun daga nan magoya bayan kowanne suke musu. Na .45 yakan kai giram 15, yana tafiya kusan mita 250 a daƙiƙa. Na 9x19 giram 7.5 zuwa 9.5 ne, ya fi gudu. Abin da ya sauya mini tunani shi ne tarihin FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka. Bayan musayar wutar da aka yi a Miami a 1986, inda jami'anta biyu suka mutu, hukumar ta nemi harsashi mai ƙarfi ta koma 10mm. Shurinsa ya fi ƙarfin jami'ai da yawa, aka rage masa albarushi, daga nan .40 S&W ya fito a 1990. Bayan shekaru fiye da ashirin sai ga hukumar ta dawo kan 9x19, domin ƙirar harsashi ta ci gaba, jami'an sun fi samun abin da suka saita da shi, kuma gidan harsashi ya fi ɗaukar da yawa. Mutanen da harbi aikinsu ne sun ja da baya saboda shuri, ni ɗan koyo ina cewa hannuna da ƙarfi.

Sunayen harsasai ma suna da tarko. .38 Special da .357 Magnum faɗinsu ɗaya, kwanson na biyun ne ya fi tsawo. Shi ya sa libarbar .357 take cin .38, amma ta .38 ba ta cin .357. Da na san wannan ranar farko, da na fara da .38 mai laushi a bindigar tawa, hannuna bai tsage ba. Haka kuma ba duk abin da aka kira milimita 9 ne ɗaya ba: akwai 9x19, akwai 9x17 wanda shi ne .380 ACP, akwai 9x18 na Makarov. Na taɓa zuwa fili da kwalin da ba na bindigata ba saboda na karanta rabin rubutun. Malam ne ya gani kafin in loda. Ban da irin wancan na .38 a libarbar .357, abin da aka zana a jikin bututun bindigarka, shi kaɗai za ka zuba mata.

Wani abin da ya ba ni mamaki: ƙaramar .380 takan fi babbar 9x19 cizon hannu. Da yawa daga cikin tsofaffin ƙirar .380 bututunsu a kafe yake, nauyin murfin sama, wato ɓangaren da ke zamewa baya in an harba, da sifirin ne kawai ke tare shurin, ga bindigar kanta ba nauyi. Ƙanƙantar lamba ba ta nufin sauƙin harbi.

Sai gangar jiki. Bayan wahalar da na sha na koma ɗaya gefen gaba ɗaya, na ce in ba ƙarfe zalla ba, ba bindiga ba ce, na riƙa yi wa masu ta roba dariya. Wannan ma jahilci ne. Masu kamfanin Heckler & Koch sun fitar da bindigar VP70 mai jikin roba tun 1970, Glock 17 kuma sojan Ostiriya suka karɓe ta a farkon shekarun 1980, tana ɗaukar harsashi 17, nauyinta ba gidan harsashi bai kai giram 650 ba. Robar ba ta tsatsa, ba ta ɗaukar sanyi ko zafi kamar ƙarfe, kuma wuraren da ke shan wuta, bututu da murfin sama, duk da haka na ƙarfe ne. Ta ƙarfe irin wadda ake kira 1911 ko CZ 75 tana kai kilo guda ko fiye, tana zama daram a hannu, ta fi daɗin harbi a fili, sai dai tana son mai da goge-goge, gumin hannu kaɗai ya isa ya bar mata tabon tsatsa. Tawa ta yi, domin na mayar da ita akwati ban goge ba. Alminiyam, irin jikin Beretta 92, yana tsakiya. Ba na cewa wani ya fi wani. Kowane giram da ka rage don sauƙin ɗauka, za ka biya shi a tafin hannu lokacin harbi, sai ka san wanne ka fi yi.

Da zan sayi ta uku, na ari bindigogi biyar a fili cikin watanni biyu. Kowacce na duba ko yatsana na kai wa kunama ba tare da na murɗa riƙona ba, ko ina iya jan murfin sama da hannu mai gumi, da kuma inda harsashi na biyu ke faɗawa in na bi na farko da sauri. Na kuma sayi akwatin ƙarfe mai makulli kafin in sayi bindigar, domin akwai yara a gidan. Wadda ta ci jarrabawar 9x19 ce mai matsakaicin girma, jikinta na roba, irin wadda nake yi wa dariya. Malam ya duba takardar saitina ranar, ya ga ramuka goma da tafin hannu zai rufe, ya miƙo mini ita ya ce in matsar da ita mita biyar gaba in sake.