Neman ƙananan kyamarori a birnin Dabo

Motar Zariya ta sauke mu a Unguwa Uku da hantsi, na tari adaidaita sahu zuwa cikin gari. Tsofaffin ƙananan kyamarori masu fim nake nema, irin waɗanda mutum zai jefa a aljihun jamfa ba wanda ya lura. Na daɗe ina tara su, kuma duk wanda na tambaya a gida sai ya ce in tafi Kano, ko da me ka zo an fi ka.

Da Kurmi na fara. Na shiga ta wajen Jakara, na bi lungunan nan masu ƙamshin fata da kanumfari har layin masu kayan da, inda ake baje anini da takubba da mundayen tagulla. Kasuwar tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kuma har yau ba a gaggawar ciniki a cikinta. Na yi wa wani dattijo sallama, muka gaisa, na ce, "Baba, ko ana samun tsohuwar kyamara?" Ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin benci ya zazzage a kan tabarma.

Wadda ta fara faɗowa 'yar roba ce da duk ɗan Bahaushe ya sani, tsarabar alhazai: ka kafa ido, ka danna, ga Ka'aba, ka ƙara dannawa, ga Masallacin Madina. Ba ta ɗaukar hoto, amma da yawanmu a cikinta muka fara ganin Makka. A ƙarƙashinta kuwa ga wata ta ƙarfe cikin 'yar jakar fata, ba ta wuce kwalin ashana ba. Irin su ake kira Hit. A Japan aka riƙa ƙera su bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kuɗi da kayan aiki suka yi ƙaranci. Fim ɗinsu mai faɗin milimita 17.5 ne, wato rabin fim ɗin 35 da aka saba da shi, kowane hoto milimita 14 tsawo da faɗi. Idonsu gilashi ɗaya ne mai arha, don haka hoton yakan fito dishi-dishi. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. "Ɗan nan, ka riƙe ta da kyau," in ji shi, "ta girme ka."

Titin Beirut ban daɗe ba, waya ce da kwamfuta ko'ina. Wani mai gyara ne ya kwatanta mini shagon wani tsohon mai hoto a Sabon Gari, wanda yanzu hoton fasfo kaɗai ke riƙe da shi.

A nan na ga abin da ban yi zaton gani a Kano ba. Ya buɗe durowa ya fito da Minox B, siririya, ta alminiyam, tsawonta bai kai santimita 10 ba. Ya ce wani Bature ne ya sayar masa da zai koma gida. Walter Zapp ne ya tsara Minox ta farko a 1936, aka fara ƙera ta a birnin Riga na Latbiya, bayan yaƙi aikin ya koma Jamus. Samfurin B ya fito a 1958. Ana jan jikinta ta buɗe, a tura ta rufe, wannan motsin ne ke gusar da fim. Hotonta milimita 8 da 11 ne kacal, amma tana ɗaukar rubutu daga nisan santimita 20 ya fito tsaf. Sarƙar da ke maƙale da ita ba ado ba ce: an jera ƙullaye a jikinta don auna tazara tsakanin kyamara da takarda. Shi ya sa 'yan leƙen asiri suka so ta. John Walker, sojan ruwan Amurka da ya riƙa sayar wa Tarayyar Sobiyet sirrin ƙasarsa har aka kama shi a 1985, da Minox yake ɗaukar takardun. Na nemi ya sayar mini, ya girgiza kai. Ban ja ba.

Da ya ga na shagala da ita sai ya ce, "Malam, wannan ba ta taɓa ciyar da ni ba. Ga wadda ta ciyar da ni." Ya nuna mini wata doguwa ta roba, mai fim ɗin 110, wanda Kodak ya fito da shi a 1972. Fim ɗin a rufe yake cikin ɗan gidansa, ka jefa ka rufe murfi, ko yaro zai iya. Ya ce a da yara ake aikowa da su daga cikin gari a wanke, kuma hotunan da ke ciki shi ba zai taɓa iya ɗauka ba, domin iyakarsa zaure. Kamu, wankan jego, kitso a tsakar gida, duk mata ne suka ɗauki junansu.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, kuma ina ganin gaskiya ce babba. Hawan Daushe da Ƙofar Mata ba su rasa masu ɗauka ba, baƙi da 'yan gida. Rayuwar cikin gida kuwa, in ba don wannan 'yar roba mai arha ba, da kaɗan za mu gani daga shekarun 1970 da 1980.

Bayan la'asar na wuce Yakasai gaida gwaggona, na ba ta labari. Ta sa jikarta ta ɗauko wani kwanon sha mai murfi daga saman kabad, cike da hotuna da launinsu ya koma ja-ja. Ga kakarmu tana tankaɗe, ga mahaifiyata tana budurwa da lalle har gwiwar hannu. Gara ta ci gefen wasu. Muka zauna har magariba, tana faɗin sunaye ina rubutawa a bayan kowanne. Na roƙe ta in ɗauke su da waya don kada su salwanta. Ta ce, "Ɗauki, amma na dangi ne. Kada in ji an gan su a Facebook." Na ce, "To, Gwaggo," na jawo fitila kusa na fara da na kakarmu.