Talata, ranar gilashin taga

Tun kafin a sha koko Auta ya fasa gilashin tagar Inna da ƙwallo. Na ɗaga hannu zan make shi, na tuna nawa na fasa a shekarunsa, na sauke.

Da hantsi na ɗauki awon tagar na nufi wajen mai gilashi a Yelwa. Zafin Garwa kam ba a magana. Dattijon ya shimfiɗa gilashin a tebur, ya ja wani abu kamar biro sau ɗaya, ƙiii, ya danna, sai ga shi ya rabu tsaf. Na ce, "Baba, wannan wane irin ƙarfe ne?" Ya ce, "Diyaman ne a bakinsa, ɗana, bai kai ƙwayar gero ba." Na yi dariya. Lu'ulu'u a shagon langa-langa? Ko kallona bai yi ba.

Abin ya yi ta cina har Yaya ya dawo daga makaranta. Kun san shi, a taɓo kimiyya sai ya manta da abinci. Ya ce dattijon gaskiyarsa. Wai lu'ulu'u da gawayin da Inna ke girki da shi da bakin fensir duk asalinsu ɗaya, kabon. Zaman ƙwayoyin ne ya bambanta. A fensir shimfiɗe suke hawa-hawa, suna zamewa, shi ya sa yake barin baƙi a takarda. A lu'ulu'u kuwa kowace ƙwaya ta riƙe huɗu gam ta kowane ɓangare, saboda matsi da zafin da ya sha a zurfin kilomita 150 ko fiye a ƙarƙashin ƙasa. Wani Bajamushe, Mohs, ya jera duwatsu bisa tauri a 1812, lu'ulu'u ya hau na 10, matakin ƙoli, gilashi kuwa wajen 5 da rabi yake. Wanda ke bakin faifan yanka tayil da haƙorin injin haƙa dutse ma yawanci a masana'anta ake yinsa, tun shekarun 1950.

Na ce to ai ba abin da zai fasa shi ke nan. Ya ce ina, guduma ɗaya ta ishe shi idan ta sami inda yake tsagewa. Ƙarzarsa ce ba a iya yi, sai dai da wani lu'ulu'un.

Daga nan raina ya ɓaci, don Kawu ya faɗo mini. Shekara bakwai yana Karno, a Afirka ta Tsakiya, yana bin wannan dutsen, ya sayar da gonar gado a kai. Ya dawo da buhu ɗaya da tari. Har ya rasu bai taɓa kiran sunan dutsen a gabanmu ba, sai dai ya ce "abin nan". Ga shi yau na gan shi a hannun mai yanka gilashi, jaka biyu na biya har da kuɗin aiki.

Miyar kuka da dare. Wuta ta ɗauke.

Gilashin kuma bai shiga ba, ya yi gajarta da yatsa biyu. Awona ne, ba na dattijon ba. Inna ta toshe wajen da kwali, ba ta ce komai ba, ni dai da ta yi faɗa da ya fi mini.