Na shiga Misa da bindiga a ƙugu, ga abin da na gani

Ni ɗan Katolika ne, haifaffen kudancin Kaduna, neman abinci ya kai ni jihar Texas a Amurka. Ranar 5 ga Yuni, 2022, Lahadin Fentikos, 'yan bindiga suka faɗa cocin St. Francis Xavier da ke Owo a jihar Ondo, suka kashe mutum wajen 40. Daga wannan rana zaman coci ya sake mini. Ko wace ƙofa ta motsa sai gabana ya faɗi, ga matata da yara a gefena. Kuma ba sai na waiwayi gida ba, a nan Texas ɗin aka kashe mutum 26 a wani cocin Baptis na Sutherland Springs a watan Nuwamban 2017. Sai na je na nemi lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga ɓoye a jiki.

Doka ba ta hana ni ba. Tun 1 ga Satumba, 2019, Texas ta fayyace cewa mai lasisi zai iya shiga wurin ibada da bindigarsa, sai fa in masu wurin sun hana, ko da baki ko da allon da ake kira 30.06 a bakin ƙofa. Wasu dayosis, wato yankunan coci da ke ƙarƙashin Bishop, sun hana. A Dallas, Bishop na lokacin, Kevin Farrell, ya haramta shiga da makami gine-ginen dayosis ɗin tun farkon 2016. Mu namu cocin babu allo, babu sanarwa.

Abu na farko da ya ba ni tsoro shi ne sauƙin lasisin kansa. Karatun aji na awa huɗu zuwa shida ne, sai gwajin harbi da harsashi 50, daga yadi 3, da 7, da 15. Abin harbin takarda ce, ba ta motsi, ba ta rama, kuma bayanta tarin ƙasa ne. Na ci gwajin ba wahala. Amma Lahadin da na fara shiga da ita, na zauna na auna tazarar da ke tsakanina da babbar ƙofa da ido, sai na ga abin da ke tsakani: layin tsofaffin mata, da benci guda cike da yaran da ke koyon katekizim, da wani dattijo a keken guragu. Duk harsashin da ya kuskure, a jikin ɗaya daga cikinsu zai sauka. Malamin harbi ya faɗa mana cewa kowane harsashi da ya bar bakin bindigarka kai ne za ka amsa laifinsa. A aji maganar ta shiga kunne ne kawai, a coci kuwa ta shiga ƙashi.

Sai kuma abin da ban taɓa jin wani ya ambata ba. Misarmu ta tashi-zauna ce da durƙuso. Duk sanda na durƙusa, gindin bindigar sai ya tokare mini haƙarƙari, in kai hannu in ja riga don kada ta bayyana. Lokacin gaisuwar salama, ƙaramar 'yata ta saba rungume ni ta ƙugu, sai na riƙa karkata jiki ina ba ta ɗaya gefen. Ba ta san dalili ba, amma ta lura. Mafi nauyi duka shi ne sa'ad da Fada ya ɗaga gurasa yana cewa wannan jikina ne, jama'a duk sun sunkuyar da kai, ni kuwa idona na kan ƙofa, ina duban hannun wani baƙo da ya shigo a makare da jaka a kafaɗa. Mutumin Allah ne, ya zo sujada. Ni da ya kamata in matsa masa wuri, ina lissafin inda zan tsaya in abu ya ɓaci. Na je na karɓi Jikin Almasihu da wannan lissafi a raina, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Abokaina masu ɗauka, in muka yi gardama, abin da ya faru a garin White Settlement na nan Texas suke kawowa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ranar 29 ga Disamba, 2019, wani mutum ya buɗe wuta a cocin West Freeway, ya kashe mutum biyu, Jack Wilson ya harbe shi cikin daƙiƙa shida. Allah kaɗai ya san rayukan da aka tsirar. Sai dai a duba wane ne Wilson. Malamin koyar da harbi ne, shi ne shugaban 'yan sa-kan tsaron cocin, jama'a sun san shi, shi ma ya san mutanensa, sun kuma sa wa baƙon ido tun shigowarsa. Wannan tsari ne, ba mutum ɗaya da ya yanke shawara shi kaɗai a ɗakinsa ba. Kuma in 'yan sanda suka iso suka tarar da mutane barkatai riƙe da bindigogi, da me za su gane na kirki? A Arvada ta jihar Colorado, a 2021, wani bawan Allah ya harbe ɗan bindigar da ya kashe ɗan sanda, sai wani ɗan sandan ya iso ya ɗauka shi ne maharin, ya kashe shi.

Ikilisiya ba ta ce a miƙa wuya a yanka ba. Katekizim, sakin layi na 2265, ya ce kāre rai zai iya zama haƙƙi, har ma ya zama babban wajibi ga wanda rayukan wasu ke wuyansa. Na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin izinina. Da na karanta gaba kaɗan, sai na ga yana magana a kan masu riƙe da hukuma ta halal da jama'ar da aka danƙa musu. Iyalina suna wuyana, haka ne. Amma taron da ke cikin coci an danƙa shi ga Fada da Bishop, kuma babu wanda ya naɗa ni mai gadinsa.

Shi ya sa na je ofishin Fada na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, na gode da ka zo. In na ji harbi ina kan bagade, ta yaya zan san kai ne ke kāre mu?" Na ce, "Fada, ba za ka sani ba." Ya ce to mu zauna da majalisar coci.

Abin da ya fito daga zaman ba shi da armashi irin na bindiga, amma aiki ne. Ana biyan ɗan sanda da ke hutun aiki ya tsaya a harabar coci cikin kakinsa. Ana kulle ƙofofin gefe da zarar an fara Misa, masu tarbar baƙi kuma suna tsaye a waje suna gaida kowa ido cikin ido. An ajiye kayan tsayar da jini, wata ma'aikaciyar jinya ta koya mana ɗaure hannu ko ƙafar da aka harba. Harin cocin Annunciation na Minneapolis, ranar 27 ga Agusta, 2025, ya ƙara nuna mana amfanin ƙofa. Maharin ya yi harbi ta tagogi daga waje ya kashe yara biyu, amma ƙofofin a kulle suke, bai samu shiga ba.

'Yan'uwa na gida da ke tambayata ko za a iya yin haka a can, ku sani dokar Najeriya daban take, ƙaramar bindiga tana cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa. Maganata a kan nan Amurka ce.

Ni dai yanzu tawa tana gida a akwatin ƙarfe a kulle ranar Lahadi, kuma ina cikin masu tsayuwa a ƙofa. Akwai ɗan'uwa a cocinmu, tsohon soja, da bai yarda da ni ba har yau. Yana ganin ɗan sanda ɗaya a waje bai isa ba, yana so a kafa ƙungiyar mutum kaɗan masu horo na gaske, waɗanda Fada da 'yan sanda suka san sunayensu. Na ce masa in Bishop ya amince da hakan a rubuce, zan mara masa baya. An sa maganar a zaman majalisa mai zuwa.